Kewaya Bauchi da ƙafa a hunturu: amsoshin tambayoyinku kan gudun kilomita 50

Wasiƙun wannan karo sun taru a kan gudun dogon zango, wanda ya zarce kilomita 42.195 na gudun famfalaki, kuma a turbobin gona da burtalan bayan gari maimakon kwalta. Ga abin da masu horar da 'yan tsere da ma'aikatan lafiya na wannan fili suka ce.

Assalamu alaikum. Na ga Turawa suna gudun kewaya gari a tsakiyar sanyi, cikin laka da ruwa, kilomita 70 ko fiye. Mu da ke da hunturu ba za mu iya irinsa a Bauchi ba? Na taɓa gama kilomita 21 cikin awa biyu. (Wani ɗalibi, Gwallameji)

Wa alaikumus salam. Za a iya, ɗan'uwa, kuma babu lokacin da ya fi dacewa kamar daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu. An kwashe amfanin gona, ciyawa ta kwanta, rafuka sun janye, turba ta fito fili. Sai dai kada ka ɗauko shirin Turawan ka ɗora wa hunturunmu. A Ingila akwai gasar Spine da ake yi a watan Janairu, mil 268 a kan tsaunukan Pennine, wato kimanin kilomita 430. Abin da ke fitar da mutane daga cikinta shi ne jiƙewa da sanyi da daren da ke kai awa 16, shi ya sa za ka gan su da rigar ruwa da takalmi mai dogayen haƙora na cizon laka. A Bauchi kuwa da asuba ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 13 zuwa 15, kafin la'asar ya kai 30 ko ya haura, ga busasshiyar iska da ke shanye gumi tun bai jiƙa riga ba. Wanda ya zube a hanya a nan rana da ƙishirwa ne suka kayar da shi, kuma yawanci bayan ƙarfe 11 ne. In koyi za ka yi, masu gudun hamadar Maroko, Marathon des Sables da aka fara a 1986, sun fi kusa da halin da za ka shiga.

Ka fara da kilomita 50. A watan Janairu rana na fitowa wajen 6:40, ta faɗi bayan 6:00 da kaɗan, haske awa 11 da rabi ke nan. Mai irin ƙarfinka zai ci awa 7 zuwa 8 a turba. Ka tashi da tocila wajen 5:50 bayan sallar asuba, ka yi kilomita 32 zuwa 35 kafin 11, ka ware wa ragowar awa uku cur don cikin rana za ka yi su. Kada wannan lissafi ya sa ka ce bari in zuba sauri da safe in tara nisa. Sauri kan haifi nawa, kuma mintin da ka sace a kilomita 10 na farko sau uku za ka biya shi bayan kilomita 35. Tufafi kuwa, tsohuwar riga mai dogon hannu a kan ta gudu ta isa, ka tuɓe ta da hantsi. In kana jin ɗumi tun kafin ka tashi, kayan sun yi yawa.

Ta ina ake bi? Babu wata hanya da aka shata ta kewaya garin. (Mai karatu daga Fadaman Mada)

Kai za ka shata, kuma Bauchi ta yi wa mai wannan niyya gata, domin manyan hanyoyi biyar ne suka fita daga cikinta: ta Jos, ta Ningi zuwa Kano, ta Maiduguri, ta Gombe da ta Dass. Duk wanda ya kewaya garin dole ya tsallaka kowacce. Waɗannan mahaɗu biyar su ne ƙashin bayan shirinka, a nan ɗan acaɓanka zai jira ka da ruwa da abinci, a nan kuma za a kwashe ka in jiki ya ƙi.

Lissafin nisan mai sauƙi ne. Tsawon kewaye ya ninka nisan da ka ba tsakiyar gari sau 6.28. In ka ɗauki Wunti a matsayin tsakiya ka ba ta kilomita 7 ta kowane ɓangare, kewayen ya zama kilomita 44 a takarda, lanƙwashe-lanƙwashen turba su cika maka 50 ko su ɗan zarce. Wannan zai bi da kai ta wajajen Miri a hanyar Jos, Tirwun a hanyar Maiduguri, Inkil a hanyar Gombe, da tsakanin Yelwa da Bayara a hanyar Dass. Garin ya yaɗu, don haka wani yankin cikin sababbin unguwanni da filayen da aka yanka za ka bi, kada ka sa ran gona zalla.

Ka zana a hoton tauraron ɗan'adam na Google Maps tukuna, amma kada ka yarda da shi. Hoton na iya zama na bara ko na damina. Inda ya nuna turba ƙila yanzu an ja katanga, inda ya nuna busasshen rafi ƙila an dasa lambun albasa. Ka raba kewayen kashi huɗu ko biyar, kilomita 10 zuwa 12 kowanne, ka taka kowane kashi da ƙafarka a ƙarshen mako daban, wayarka na ɗaukar hanyar da manhajar Strava ko OsmAnd, sa'an nan ka haɗe su wuri guda ka sauke taswirar yadda za ta buɗe ba tare da intanet ba. A irin wannan zagaye ka rubuta inda famfon tuƙa-tuƙa yake, inda masallaci yake, inda sabis ɗin waya ke ɗaukewa, da inda babur zai iya shigowa. In tazarar mahaɗa biyu ta wuce kilomita 10, ka samo wani ƙauye a tsakiya inda babur zai tare ka.

Wajen zaɓar inda za ka fara, ka jefa yankin duwatsu da fakon da babu inuwa cikin safiya, ka bar wa rana yankin da ke da ƙauyuka da ruwa, yadda azahar za ta same ka kusa da masallaci. Ka nisanci katangar barikin soja da wuraren fasa dutse. Layin dogo kuma ka tsallaka shi kawai, kada ka bi tsawonsa, duwatsunsa na kawo targaɗe. Abu na ƙarshe, ka sa wa kowace mahaɗa iyakar lokaci, ka ba mai babur takardar. In ka iso mahaɗa ta huɗu bayan ƙarfe biyu, ka hau babur ku tafi gida, kuma ka yanke wannan hukunci tun a ɗaki, don wanda rana ta daka awa takwas ba ya iya yanke shi.

Ni da hunturu ba na gumi, ba na jin ƙishirwa. Dole ne in riƙa shan ruwa? (Wani matashi, Tumfure, Gombe)

Kana gumi, iska ce ke kwashe shi kafin ka gani. Duba hularka ko kafaɗar baƙar riga bayan gudu, za ka ga farin gishiri ya zana layi. Numfashi ma na fitar da ruwa fiye da na damina. Gombe kuma ta fi Bauchi zafi, don haka maganar ta fi shafar ka.

Maimakon ka yi zato, ka auna. Ka yi fitsari, ka hau sikeli ba kaya, ka yi gudun awa ɗaya a lokacin da rana ta ɗaga, ka goge jiki ka sake hawa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce, sai ka ƙara abin da ka sha a hanya. Misali, ka tashi da kilo 65.0 ka dawo da 64.3, ka sha ledar ruwa ɗaya mai rabin lita: kana zubar da lita 1.2 a awa. Ba a buƙatar mayar da shi duka. Ragin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin jiki a ƙarshen dogon gudu ba abin tsoro ba ne. Yawancin mutane mililita 400 zuwa 800 a awa na isar su, wato leda ɗaya a awa da sanyin safiya, ɗaya da rabi in rana ta take. A awa takwas wajen leda 10 ke nan. Ba za ka iya goya su ba, ka ɗauki lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka riƙa cikawa a mahaɗa. Kurɓa biyu ko uku kowane minti 10 zuwa 15 ya fi ka kwankwaɗi leda biyu a tashi ɗaya.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba, na wanda ya tsorata da ƙishirwa ya yi ta ɗura ruwa zalla alhali tafiya kawai yake yi. Gishirin jininsa sai ya tsinke. Alamunsa yatsu su kumbura har zobe ko agogo ya matse, ciki ya riƙa ƙugin ruwa, ciwon kai, amai, ruɗewa. Irin wannan in aka ƙara masa ruwa an ƙara masa ciwo, asibiti za a kai shi. Bambancinsa da mai bugun rana shi ne mai bugun ranar jikinsa zau yake, kuma shi a nan take ake kai shi inuwa a yi ta kwara masa ruwa ana fifita kafin ma abin hawa ya iso.

Haɗin da muke ba da shawara: ruwa lita ɗaya, sukari cokalin cin abinci huɗu a shafe, kusan giram 50, gishiri rubu'in cokalin shayi, da matsin lemun tsami. Gora ɗaya ta wannan, gora ɗaya ta ruwa zalla. Kanwa ba ta maye gurbin gishiri, kada a sa. Ruwan rafi da na dam kada ka sha, kada ma ka shiga don sanyaya ƙafa, tsargiya ta fata take shiga. Ledar da ka sha kuma ka cusa a aljihu. Dabbobi na kiwo a gonakin nan, kuma leda na kashe su.

Ina cin masa da miya in ƙoshi kafin in fita, amma daga kilomita 25 sai ƙafata ta mutu, in ji jiri. (Daga Kofar Ran)

Abin da jiki ke ajiyewa na sukari a tsoka da hanta bai wuce giram 400 zuwa 500 ba, kuma gudu na cinye shi cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Komai ƙoshin da ka yi a gida ba zai kai ka kilomita 50 ba, dole ka ci a hanya, kuma ka fara tun minti 30 zuwa 40 da tashi, tun yunwa ba ta zo ba. Abin nema giram 40 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa. Ayaba matsakaiciya na da kusan 25, cokalin zuma 17, ƙwayar sukari mai iyali wajen 5, busasshen dabino irin ƙananan nan 5 zuwa 6. In kana shan rabin lita na haɗin da muka bayar a sama ka sami 25, sai ka cika da dabino huɗu ko ayaba guda. Dabinon ka cire ƙwallon tun dare ka ɗan jiƙa shi, don busasshe ba ya haɗiyuwa a busasshen maƙogwaro. Mazarƙwaila ma na aiki, kuma ba ta lalacewa a aljihu.

Bayan awa huɗu zaƙi kan gundure mutum har ganin dabino ya tayar masa da zuciya. A nan dafaffen dankali da aka barbaɗa wa gishiri ke ceto, ko biskit mai gishiri, ko ɗan ƙuli-ƙuli. Lemun kwalba irin Coke da aka girgiza iskarsa ta fita yana tayar da wanda ya mutu a kashi ukun ƙarshe. In ciki ya ƙi karɓar komai, dalili shi ne jini ya tafi fata da ƙafafu ya bar hanji. Ka koma tafiya minti 10 zuwa 15, ka jiƙa kai da wuya, ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, zai buɗe.

Karin kumallon kuwa, ka ci awa biyu zuwa uku kafin tashi, kamar lokacin sahur: koko da sukari da burodi, ko farar shinkafa mara mai. Masarmu ta Bauchi ba a raina ta, amma da mai aka toya ta, ga yaji ga miya, duk suna daɗewa a ciki. Biyu ko uku da zuma ba laifi in ka gwada a atisaye. Ƙosai, wake, fura da nono, a bar su sai an dawo. Kunun aya kada a sa a jaka, kafin hantsi ya yi tsami.

Shekaruna 46, ina sassarfa kilomita biyar sau uku a mako. Wata nawa zan yi ina shiri? (Wani ma'aikaci, GRA)

Malam, kafin kilomita a fara da asibiti. A auna hawan jini da sukari, likita ya saurari zuciya, a kuma duba rukunin jini na sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai AS na iya gudu, amma zafi da ƙarancin ruwa da matsa wa kai fiye da kima na iya jawo masa faɗuwa mai haɗari, don haka shi ba ya cije wa ciwon tsoka da ya zo farat ɗaya tare da rauni, tsayawa yake yi. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko bugun zuciya da ya rikice, duk na tsayawa ne a ga likita.

Daga kilomita 15 a mako zuwa gudun 50, a gaskiya shekara guda ta fi wata huɗu. Wata shida na farko a kai jimillar mako zuwa kilomita 35 ko 40 a hankali, ana ƙara kamar kashi 10 cikin 100. Daga nan a shiga shirin mako 18 zuwa 20, wato mai son gudu a tsakiyar Janairu ya fara a farkon Satumba. Kwana huɗu a mako: uku gajeru na kilomita 8 zuwa 12, ɗaya dogo a turba. Dogon ya tashi daga 15, a riƙa ƙara biyu ko uku, kowane mako na huɗu a rage kashi ɗaya cikin uku don jiki ya gyara kansa. Ƙololuwarsa kilomita 32 zuwa 35, saura mako uku. Sau biyu ko uku a haɗa kwana biyu a jere, 25 ranar Asabar, 15 ranar Lahadi, don ƙafa ta koyi aiki da gajiya. Mako biyun ƙarshe a rage zuwa rabi.

Saurin da ake so shi ne wanda za a iya hira a cikinsa ba haki. A koyi haɗa gudu da tafiya tun farko, minti 9 gudu minti 1 tafiya, kuma duk hawa a taka shi da ƙafa. Manyan 'yan tseren da ke kewaya dutsen Mont Blanc, kilomita kusan 170, su ma tafiya suke yi a hawa mai tsauri. Gangara ce ke kashe tsokar gaban cinya, don haka sau biyu a mako a yi tsugunne-tashi da ɗage da hawa benci, sau 12 zuwa 15 zagaye uku. Kuma wanda duk atisayensa da asuba ne rana za ta ba shi mamaki. A mako biyu zuwa uku kafin ranar, a riƙa fita minti 45 zuwa 60 wajen ƙarfe 11, don jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi.

Wane kambas zan saya a gwanjo, kuma yaya zan yi da bororo da faso? (Daga Muda Lawal)

Ƙasarmu a rani fako ce da tsakuwa da yashi, ga tushiyar karan dawa mai kaifi ga ƙaya. Ka nemi takalmi mai haƙora gajeru, milimita 3 zuwa 4, mai kaurin tafi, mai ɗan tauri a baki saboda tuntuɓe. Masu dogayen haƙora na laka ne, a fako suna ciwo kuma suna cinyewa da wuri. Wanda aka rubuta wa Gore-Tex ka bar shi komai kyansa, an yi shi ne don hana ruwa shiga, kai kuwa zafi zai tara maka. Ka je kasuwa da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmi. Takalmin gudu kan gaji bayan kilomita 500 zuwa 800, kuma na gwanjo ba ka san nawa ya riga ya ci ba. Ka danna soson gefe da yatsa: in ya yi tauri ko ya cika tamoji ya mutu. Ka ajiye shi a tebur, in ya karkata gefe ɗaya ka mayar. Ka yi aƙalla kilomita 60 da shi kafin ranar.

Gogayya da danshi da yashi ne ke kawo bororo. Safar auduga na riƙe gumi, ka nemi ta roba mai laushi ta 'yan wasa, ka ba mai babur ta canji. Don hana yashi da ƙarangiya shiga, ka yanke ƙafar tsohuwar safa ka zura wuyanta ya rufe bakin takalmi. Da ka ji wani wuri na ɗumi, ka tsaya nan take ka kakkaɓe ka manna filasta, minti biyu ne. In ya riga ya tara ruwa kuma yana hana taku, ka goge da sifirit, ka huda gefensa da sabuwar allura, ka matse, ka bar fatar a kai ka rufe. Mai ciwon sukari kada ya huda da kansa. In ka yi alwala a hanya, ka busar da tsakanin yatsu sarai kafin ka mayar da safa.

Faso tun Nuwamba ake tarar sa: a jiƙa ƙafa da dare, a goge kaushi da dutse kaɗan-kaɗan, a shafa man kaɗanya a sa safa a kwanta. Farce a yanke saura kwana huɗu ko biyar. Ranar gudu a shafa basilin a matsematsi da hammata da leɓe, maza su manna filasta a kan nono, don rigar da gishiri ya bushe a jikinta tana saluɓe fata.

Ƙurar fa? Ina da asma. (Wata ɗaliba, Yelwa)

'Yar'uwa, ki fara da likitanki, kuma abin shaƙarki ya kasance a aljihunki, kada ki bar shi wurin mai babur. Busasshiyar iska mai sanyi na tsuke hanyar numfashi, don haka ki ɗumama jiki minti 15 a hankali, ki rufe hanci da baki da siririn ƙyalle har hantsi. Yawancin ƙurar daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, kuma zuwa take yi kwana-kwana, ta yi kauri ta lafa. Ranar da hazo ya ɓoye dutsen da kika saba gani daga gida, ko ana ƙona daji a hanyarki, ki ɗage gudun. Shi ya sa ake sa rana biyu tun farko. In haɓo ya zo, ki sunkuyar da kai gaba ki matse taushin hanci minti 10, kada ki ɗaga kai sama.

Mace za ta iya wannan gudu da suturarta? (Wata malamar makaranta, Gombe)

Za ta iya, Malama, kuma dogon zango na cikin wasannin da mata ke ba maza kashi. A 2019 Jasmin Paris ta zo ta ɗaya a gasar Spine gaba da dukkan maza, cikin awa 83. Rufe jiki ma a rana irin tamu riba ce in an dace da yadi: mai haske, mara nauyi, sakakke, wanda ba auduga ba. Dogon wando, riga mai kaiwa gwiwa, da ƙaramin hijabin wasanni da ba ya kaɗawa ya kama ƙaya. Baƙin yadi mai kauri ne matsala. Da rana ki riƙa jiƙa hijabin, busasshiyar iskar za ta sanyaya ki sosai. Ki auna jini kafin ki fara shiri, don ƙarancin jini ya yi yawa a mata kuma yana zuwa da haki da kasala da za ki ɗauka rashin atisaye ne. Hanta, nama, wake da zogale na taimakawa, shayi kuma a raba shi da lokacin cin abinci don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Ku fita ku uku ko fiye, da wani ɗan'uwa a babur, kuma tun a zagayen duba hanya ki san gidajen da za ki iya shiga ki kama ruwa.

Abokaina na shan ibuprofen ko tramadol kafin dogon gudu, wai don kada su ji ciwo. (Ba suna)

Ka hana su. Ibuprofen da diclofenac na rage jinin da ke zuwa ƙoda, a daidai lokacin da ƙishirwa ta riga ta rage shi, ga kuma dattin tsokar da ta farfashe da ƙodar ke fama da tacewa. Haka ake samun matashi lafiyayye a gadon wankin ƙoda. Tramadol kuwa na kawo jiri da amai da farfaɗiya, yana rufe ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum, yana kuma kama mai shan sa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024. Wanda ya ga fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ko ya yi awa 8 zuwa 10 bayan gudu bai yi fitsari ba duk da yana shan ruwa, ya tafi asibiti a ranar. Mai zazzaɓi kuma, ko wanda bai cika mako da gama maganin maleriya ba, ba shi ba dogon gudu.

Ina tsoron karnukan ruga da macizai, da kuma a ɗauke ni ɓarawo. (Daga Inkil)

Tsoron na ƙarshe ya fi sauran zama gaskiya. Baƙo da jaka a baya yana gudu ta bayan gari da duhun asuba, kowa zai yi zargi. Maganinsa a zagayen duba hanya yake: ka je ka gai da mai unguwa ko sarkin kowane ƙauye, ka faɗi rana da lokaci da yawanku, a sanar da 'yan banga. Ka riƙe katin shaida, ka sa riga mai haske, ka yi sallama tun daga nesa, in ka shigo cikin gidaje ka koma tafiya. Ka tambaye su halin tsaron yankin a makon, in sun ce kada a bi wani wuri kada ka yi musu. Kada ka taka kunyar lambu, kada ka ratsa tsakiyar garke, ka tsaya makiyayi ya nuna maka ta inda za ka bi.

Kare in ya taso ka daina gudu, ka juya masa gefe, kada ka zuba masa ido, ka ja da baya a hankali kana kiran masu gida. In ya cije ka, ka wanke da sabulu da ruwa minti 15, ka je a yi maka allurar haukan kare a ranar.

Macizai sun fi yawa lokacin shuka da girbi, amma kububuwa da kasa na nan a gindin duwatsu da tarin kara. Kada ka zauna a kan tarin kara, kada ka zura hannu a rami, kuma da duhu ka haska gabanka. In tsautsayi ya faɗa, ba ɗaurin tamau na tsayar da jini, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe da takalmi, a ɗaure wa ƙafar sanda don kada ta motsa, a ɗauki mutum a kai shi asibiti. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum na iya jin garau da farko sa'an nan jini ya ɓalle ta dasashi da fitsari, don haka ba a jira a gani. Asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da wannan aiki, amma asibiti mafi kusa za a fara zuwa.

Azumi na matsowa cikin hunturu. Yaya za a yi da atisaye? (Daga Tirwun)

Haka ne, yana matsowa da kwana 10 zuwa 11 kowace shekara, kuma a shekarun nan zai riƙa faɗowa cikin Fabrairu da Janairu. Kilomita 50 da azumi a baki ba abin gwadawa ba ne, a sa ranar kafin watan ko mako huɗu zuwa shida bayan salla. A cikin watan a rage atisaye zuwa rabi: sassarfar minti 30 zuwa 40 dab da magariba yadda za a gama a sha ruwa, dogon gudu kuma bayan tarawihi, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a hanya mai fitila cikin gari ko a filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa in an bari. Tsakanin buɗa baki da sahur a sha lita biyu da rabi zuwa uku a rarrabe, a ƙara rabin lita a daren da aka yi dogon gudu.